Tambaya a kan 'yan tsana na yumɓu na mutanen Mohabi

Malama Rabi, Katsina

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina koyar da darasin zane da sana'o'in hannu a wata ƙaramar sakandaren 'yan mata a cikin birnin Katsina, kuma a zango mai zuwa manhaja za ta kai mu ga aikin yumɓu. Da nake neman misalan da zan nuna wa ɗalibai daga sassan duniya daban-daban, sai na ga hotunan waɗansu 'yan tsana a shafukan gidajen tarihi na Amurka, an rubuta cewa aikin wata al'umma ce ta 'yan asalin ƙasar da ake kira Mohabi, waɗanda ake rubuta sunansu Mojave ko Mohave.

An gina su da yumɓu mai haske, an yi musu manyan idanu da aka zagaye da baƙi, an ja layuka daga leɓen ƙasa zuwa haɓa, an shafa wa kumatu da ƙirji jan launi, sannan aka dasa musu baƙin gashi, aka sa musu 'yan kunne da sarƙar ƙananan duwatsun ado, aka ɗaura musu ƙyalle a ƙugu. Sun burge ni ƙwarai, domin duk wanda ya dube su zai gane cewa mai ginin ta san fuskar da take ginawa.

Ina roƙon masu ilimi a wannan zaure su yi mini bayanin su wane ne waɗannan mutane, da abin da layukan haɓar nan suke nufi. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne in san ko kayan wasan yara ne ko kuwa abin bauta ne, domin ba zan kai wa 'ya'yan mutane abin da iyayensu za su zo su tuhume ni a kansa ba. Idan babu matsala, ya dace in sa ɗalibai su kwaikwayi irinsu a aji? Allah Ya saka da alheri.

Malam Lawal, Ƙofar Sauri

Wa alaikumus salam, Malama. Mohabi mutanen bakin kogi ne. Mazauninsu na kaka da kakanni shi ne kwarin Kogin Kolorado ta ƙasa, inda jihohin Arizona da Kalifoniya da Nebada suka haɗa iyaka a yau, kuma suna kiran kansu Aha Makav. Ƙasar tana cikin mafi zafi da bushewa a Amurka, amma kafin a datse kogin yakan yi ambaliya duk shekara idan ƙanƙarar duwatsun arewa ta narke, ya bar laka mai taushi a gefensa, su kuma su bi bayan ruwan su shuka masara da wake da kabewa, kamar yadda masu fadama suke yi a nan. Suna kamun kifi, suna kuma daka 'ya'yan wata bishiya mai suna meskit, dangin ƙiryarmu, su yi gari da su. Ginin tukwane tsohuwar sana'a ce a wurinsu, kuma yawanci aikin mata ne: tukunyar girki, da tulun ruwa, da kwano, da ludayi, da faffaɗan kaskon soya hatsi.

Sojojin Amurka sun kafa sansani a ƙasarsu a 1859, wanda aka sani da Fort Mojave, sannan a 1865 gwamnati ta keɓe wani yanki a kudu, kusa da inda garin Parker yake yanzu, ta matsa wa jama'a su koma can. Waɗansu sun tafi, waɗansu sun ƙi, shi ya sa har yau al'ummar take zaune a wuri biyu. Abin da ya shafi tambayarki kai tsaye ya faru ne a 1883, lokacin da layin dogo ya iso garin Needles a gaɓar kogin. Jirgi yakan tsaya a can domin ya sha ruwa, fasinjoji su sauka su ci abinci, kuma a wannan ɗan lokaci matan Mohabi suke zuwa bakin tasha da kayan sayarwa. A zamanin kwanon ƙarfe da bokiti sun fara ture tukunyar ƙasa daga gidajensu, kuɗi kuma ya zama abin da ba a rayuwa sai da shi, saboda haka maginan suka karkata ga abin da matafiyi zai iya saya ya sa a jaka: ƙananan kofuna, da butoci masu kan mutum, da siffofin dabbobi, da aikin duwatsun ado, da waɗannan 'yan tsana. 'Yan'uwansu na kudu, mutanen Kwatsan da ke Yuma, inda jirgi ya riga ya isa tun 1877, su ma sun yi irinsu, har masu tara kayan tarihi sukan rikita na waɗannan da na waɗancan. Mafi yawan waɗanda kika gani a hotuna an yi su ne tsakanin ƙarshen ƙarni na 19 da farkon ƙarni na 20, kuma domin sayarwa aka yi su. Tsawonsu yawanci taƙi ɗaya ne ko ya ɗara kaɗan.

Gashin da ke kansu izgar doki ce ko gashin mutum. Duwatsun adon na gilashi ne, waɗanda fatake suka shigo da su, kuma matan Mohabi sun fi son shuɗi da fari. 'Yar tsana mace akan ɗaura mata siket, wani lokaci na zaren ɓawon wata bishiyar bakin kogi, wanda shi ne ainihin tufafin matansu na dā, wani lokaci kuma na jan yadin kanti. Namiji akan ɗaura masa bante. Akwai kuma jarirai da ake kwantarwa a kan ɗan allon goyo a ɗaure su, domin su ba a baya suke goyo da zane kamar mu ba.

Layukan haɓa jarfa ce. Maza da mata sun yi ta, amma ta fi yawa a kan mata. Akan zana layukan da gawayi, a bi su da ƙaya ko tsinin dutse har jini ya fito, a cusa baƙin gari a ciki, idan ya warke sai ya koma shuɗi-shuɗi, ba ya kuma gogewa har mutuwa. A imaninsu na gargajiya, wanda ya mutu ba shi da wannan jarfa ba zai sami shiga ƙasar matattu inda kakanninsa suke ba. Wata yarinya Baturiya mai suna Olive Oatman, wadda ta zauna a cikinsu 'yan shekaru har zuwa 1856, ta koma cikin danginta da irin wannan jarfa a haɓa, kuma hotunanta suna nan a intanet idan kina son ki nuna wa ɗalibai yadda abin yake a fuskar mutum. Jan launin kumatu da ƙirji kuwa kwalliya ce da ake shafawa a wanke, ana sauya ta yadda aka ga dama.

Game da bauta, hankalinki ya kwanta. Addinin Mohabi na gargajiya ya ginu ne a kan mafarki da dogayen waƙoƙi da ake rerawa dare guda cur ana ba da labarin farkon halitta, kuma wurin da suka fi girmamawa dutse ne mai suna Avi Kwa Ame a kudancin Nebada, wanda gwamnatin Amurka ta ayyana a matsayin wurin tarihi na ƙasa a 2023. Waɗannan 'yan tsana kuwa kayan ciniki ne da aka miƙa wa baƙo a bakin jirgi a kan 'yan kuɗi kaɗan, ba a yi musu yanka ba, ba a roƙe su komai ba.

Hajiya Indo, Daura

Malam Lawal, Allah Ya ƙara basira. Ni a gidan magina na tashi, kakata da gwaggona duk sana'arsu ke nan, saboda haka da na buɗe hotunan da Malama take magana a kai, hannun mai aikin na fara dubawa kafin ado. Wuyan 'yan tsanan kauri ne da shi, ƙafafu gajeru ne kuma a haɗe suke da jiki sosai, hannuwa ba su yi nisa da haƙarƙari ba. Wanda bai taɓa gini ba zai ce rashin iyawa ne, alhali kuwa dabara ce, domin duk abin da ya yi siriri ya fita daga jiki shi ne yake fara tsagewa wajen bushewa, shi ne kuma yake karyewa a wuta ko a hanya. Matar da ta san kayanta zai yi tafiyar kwanaki a cikin akwatin baƙo dole ta gina shi dunƙule. Hujin kunne ma tun yumɓu yana ɗanye ake yin sa, kuma a wurin ake gane mai haƙuri, domin idan aka matsa kusa da baki kunnen zai balle.

Abin da Malama ta tambaya ya tuna mini cewa mu ma muna da namu, sai dai ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. Da muna yara, 'yar tsanarmu ƙashin ƙafar akuya ce ko ta tunkiya, a wanke shi, a manna masa gashi da ƙaro ko danƙo, a yi masa kitso, a ɗaura masa guntun atamfa da tela ya zubar, a sa masa tsakiya a wuya. Wata kuma da karan dawa ake yin ta. Har aure muke yi mata, a kai lefe a cikin gwangwani, a yi jere da 'yan tukwane da 'yan kasake da kakata take gina mana daga ragowar yumɓu ta sa su a gefen wuta tare da manya. Maza kuwa da damina ta sauka sai bakin kududdufi, su dawo da shanu masu tozo da dawaki da raƙuma na laka. A nan yarinya take fara koyon goyo da kitso da ɗaurin zane, a nan kuma ake gane wadda hannunta zai yi gini.

Yau idan aka shiga kasuwar Daura ranar da take ci, 'yar tsanar roba mai jan gashi da shuɗin ido za a samu, wadda ba ta yi kama da kowa a gidanmu ba. Wannan yana ba ni takaici matuƙa, kuma shi ya sa hotunan nan suka taɓa mini zuciya: matan can sun gina fuskar uwayensu da ta maƙwabtansu.

Kabir, Funtuwa

Ina neman afuwar iyayena da malamaina, amma ina ganin akwai abin da ya kamata a faɗa. Bayanin Malam Lawal da kansa ya nuna cewa waɗannan abubuwa ba su yaɗu ba sai da jirgin ƙasa ya zo, an yi su ne domin Turawa matafiya, da duwatsun gilashin Turai da yadin kanti. To ta yaya za a kira su al'adar gargajiya? A ganina kayan tsaraba ne, irin waɗanda ake jerawa a harabar manyan otal domin baƙi, inda mai sana'a yake ƙara girman ido da yawan ado saboda ya lura abin da mai saye yake so ke nan. Mutanen da aka ƙwace wa ƙasa suka koma sayar da siffar jikinsu ga waɗanda suka ƙwace ta, wannan abin baƙin ciki ne, kuma ina tsoron a nuna wa yara shi a matsayin abin sha'awa kawai.

Sannan idan aikin yumɓu ake son koyarwa, me zai kai mu Amurka? Muna da gumakan Nok, muna da siffofin yumɓu na dā da aka tono a yankin Katsina da Sakkwato, waɗanda aka yi ta haƙa ana fitarwa waje a ɓoye har Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa su a jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari a shekarar 2000. Muna da Ladi Kwali, shahararriyar maginiyar tukwane, wadda hotonta yake bayan takardar naira ashirin, amma ɗalibai da yawa ba su san ko wace ce ba. Na fi son a fara da waɗannan.

Malam Lawal, Ƙofar Sauri

Kabir, ka yi magana mai nauyi, kuma rabinta na yarda da ita. Baƙin cikin da ka ambata gaskiya ne, har ma ya fi yadda ka faɗa. A 1890 aka mai da tsohon sansanin soja makarantar kwana ta 'ya'yan 'yan asalin ƙasa, ta kuma ci gaba har 1931. A can ana aske wa yara gashi, a sa musu tufafin Turawa da sunayen Turawa, a hukunta su idan sun yi magana da harshensu. Bayan haka aka gina madatsun ruwa a kan kogin, na Hoover a shekarun 1930, na Parker a 1938, na Davis a farkon shekarun 1950, ambaliyar da suke noma da ita ta tsaya. Duk wanda zai koyar da labarin 'yan tsanan nan bai faɗi wannan ba, ya rage abu mai muhimmanci.

Inda na saba da kai shi ne cewa sayarwa ta fitar da su daga al'ada. Ka lura da lokacin. A daidai shekarun da makaranta take aske gashin yara tana raba su da kwalliyar iyayensu, a daidai lokacin ne tsofaffin mata suke zaune suna gina ƙananan mutane masu dogon gashi, da jarfa a haɓa, da jan launi a kumatu, da siket na ɓawon itace wanda su kansu sun riga sun daina ɗaurawa. Mai saye ya sami tsarabarsa, amma tsarin layukan da ke kan fuskar ba shi ya tsara su ba, bai ma san bambancin wannan da wancan ba. Daga ƙwaƙwalwar maginiyar suka fito, kuma masu bincike sun kwatanta su da zanen fuska da jarfar da aka rubuta daga bakin dattawan Mohabi da tsofaffin hotuna, suka ga suna tafiya tare.

Akwai kuma wani dalili da ya sa waɗannan kayan ciniki suka zama masu daraja fiye da yadda masu yin su suka zata. Mohabi ƙona gawa suke yi, kuma a al'adarsu ana ƙona mamaci tare da kayansa, har gidansa a dā, sannan a daina ambaton sunansa. Ma'ana, tukunyar da mace ta yi girki da ita da adon da ta sa duk suna bin ta, babu ɗakin kaka da za a buɗe bayan shekara hamsin a sami kayanta. Abin da ya fita daga hannunsu ta hanyar ciniki shi ne ya saura. Da ba a sayar ba, da yawancin abin da jikokinsu suke gani yau a gidajen tarihi ya zama toka tun tuni. Wani magini Ba'amurke mai suna Rick Dillingham ya tara tukwane da 'yan tsana na Mohabi masu yawa, tarin nasa yana birnin Santa Fe, kuma an buga littafi a kansa a 2001. Sana'ar ta ja baya sosai a tsakiyar ƙarni na 20, har ya zama Annie Fields ta garin Needles, wadda ta rasu a 1971 kuma aka san ta da gina kwaɗi da siffofin mutane, tana cikin 'yan kaɗan da suka rage suna yi, kafin wani ɗan Mohabi mai suna Elmer Gates ya sake tayar da ita yana koyar da na baya. Waɗanda suka gina na farkon kuwa, masu saye ba su tambayi sunayensu ba, shi ya sa a gidajen tarihi ba a rubuta komai a gabansu sai sunan ƙabila da kimanin shekara.

Batun gilashi da yadin kanti kuma, atamfar da iyayenmu mata suke ɗaurawa da murjanin da ke cikin lefe ba a Katsina aka fara yin su ba, amma babu wanda zai ce ɗaurin zanen Bakatsiniya ba nata ba ne. Abin dubawa shi ne wanda ya zaɓi launi, ya tsara, ya kuma ba abin ma'ana.

A kan fara koyarwa da namu, ba ni da ja. Sai dai siffofin Katsina da ka ambata an tono yawancinsu ba tare da an rubuta inda aka same su da abin da ke kewaye da su ba, don haka labarin masu yin su ya ɓace, alhali na Mohabi ana iya bin sawunsa daga hannun maginiya zuwa tashar jirgi zuwa gidan tarihi. Wannan kansa darasi ne ga yaran da layin dogon Kano zuwa Maraɗi zai ratsa garuruwansu, ta Daura da Katsina da Jibiya, domin duk inda tasha ta tsaya kasuwa takan biyo, kuma masu sana'ar hannu za su fuskanci tambayar abin da za su sayar wa baƙo da abin da za su riƙe.

Malam Abdulƙadir, Daura

Malama, tun da kin ambaci iyayen yara, ga abin da ya tabbata. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tare da ƙawayenta, kuma wannan yana cikin Buhari da Muslim. A ruwayar Abu Dawuda, ya ga doki mai fukafukai biyu a cikin kayan wasanta, ya tambaye ta, ta ce ai Annabi Sulaimanu yana da dawaki masu fukafukai, ya yi dariya bai hana ta ba. Haka kuma Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu ta ce sukan yi wa yara abin wasa na ulu ranar Ashura domin su shagala da shi har lokacin buɗa baki. Da waɗannan ne mafi yawan malamai, ciki har da Alƙali Iyal na mazhabarmu ta Malikiyya, suka cire kayan wasan yara mata daga hanin da ya zo a kan mutum-mutumi, saboda suna koya musu renon 'ya'ya da hidimar gida. Waɗansu malaman sun tsananta, waɗansu kuma sun fi son kada a cika siffar fuska.

Saboda haka kallon hotunan domin ilimi ba abin damuwa ba ne, kuma ginin abin wasa yana da madogara. Abin da nake ba ki shawara shi ne ki sanar da shugabar makaranta tun kafin zangon ya fara, ki kuma bar ƙofa a buɗe ga yarinyar da gidansu suke bin ra'ayi mai tsanani, ta gina tukunya ko asusu ko kaskon turare a ba ta makinta daidai da na kowa. Jarfar haɓa kuwa, tun da Malam Lawal ya bayyana cewa tana haɗe da imaninsu game da lahira, ba na ganin dacewar 'ya'yanmu su zana ta. A yi musu bayaninta a matsayin tarihi ya wadatar.

Malama Rabi, Katsina

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na tsai da shawara cewa ba za mu kwaikwayi na Mohabi ba. Dalilin Malam Abdulƙadir ya gamsar da ni, sannan bayan abin da Malam Lawal ya faɗa a kan makarantar kwana da ƙona kayan mamaci, ina jin nauyin in mai da fuskar kakannin waɗansu aikin aji da za a ba maki. Zan nuna hotunan in ba da labarin yadda yake, tare da na Nok da na Ladi Kwali kamar yadda Kabir ya nema, sannan in tura kowace yarinya ta zauna da kakarta ko wata tsohuwa a unguwarsu ta tambayi irin kitso da ɗaurin kallabi da kwalliyar katambiri da tsagar da aka yi a gidansu, ta gina abin da aka faɗa mata, ta kuma rubuta sunanta da sunan wadda ta ba ta labari a takardar da za a ajiye tare da aikin.

Hajiya, saura gare ki. Makarantarmu ba ta da wurin gasa yumɓu, kuma abin da yara suka taɓa ginawa da lakar bayan aji duk ya tsattsage kafin mako ya zagayo. Yaya za mu yi?

Hajiya Indo, Daura

Malama, lakar bayan aji ba yumɓu ba ce, ko da ta yi kama da shi. Ki je wurin masu sayar da tukwane a kasuwa ki tambaye su maginan da suke kawo musu kaya, ki sayi yumɓun daga hannunsu, domin su suka san ramin da ake ɗiba. A shanya shi ya bushe, a farfasa, a tsince tsakuwa da saiwa, a jiƙa shi ya kwana. Kafin a fara gini a daka tsingaron tsohuwar tukunya ya yi laushi, a tankaɗe, a cuɗa a ciki har sai yumɓun ya daina manne wa hannu, wannan shi ne yake hana tsagewa. A cuɗa shi sosai kada iska ta saura a ciki.

Ki hana yara yin jiki mai kauri fiye da kima. Idan ya yi kauri, a soka tsinke ta ƙasa a yi rami har cikin ciki domin danshi ya sami hanyar fita. Kai da jiki a gina su daga dunƙule ɗaya, kada a manna kai daga baya. Hujin kunne da ƙananan ramukan da za a dasa gashi a yi su tun yana ɗanye. A shanya a inuwa cikin ɗaki, a rufe da tsumma kwanakin farko, musamman idan hunturu ne, domin iskar hunturu tana busar da waje ta bar ciki da ruwa. Sai ya bushe sarai, ya yi haske, ba a jin sanyinsa idan an ɗora a kumatu, sannan a fitar da shi rana. Jar ƙasar da za a yi ado da ita a dama ta da ruwa a shafa kafin a gasa, a goge da dutse mai santsi.

Gashin yumɓun kuwa kada ki yi shi a makaranta, wuta ce babba ta kara da itace da busasshen kashin shanu, kuma ba wurin yara ba ne. Ki roƙi maginan su sa muku kayan a cikin babbar tukunya ɗaya su gasa tare da nasu ranar da za su yi, ki biya su abin da kuka daidaita. Gashi da duwatsu da ƙyalle sai bayan an kwashe sun huce. Idan da hali, ki nemi izinin makaranta a gayyato ɗaya daga cikin matan ta zo aji ta nuna wa yaran yadda ake cuɗawa, a kuma biya ta kuɗin yininta, domin ranar da ta zo wurinku ba ta yi nata ginin ba.